Raket Ɗaya na Istifanus

Matasan da ke zuwa filin tanis a yanzu suna da wata al'ada da nakan kalla in yi shiru. Sukan taru a inuwar dalbejiya, kowa da wayarsa, suna gardama a kan wanda ya fi kowa saurin sabis a duniya, wato bugun da ake buɗe wasa da shi. Sun haddace lambobin kamar yadda muka haddace jadawalin lissafi a firamare. Makon jiya ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini raket ɗinsa ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce, "Baba, a ja tsirkiyar sosai, ta yi tauri. Sauri nake so." Da na ce ya dawo gobe, abokinsa ya yi dariya ya ce, "Gobe kuma? Wannan ai saƙar raga ce. Ko ni in na zauna zan yi."

Ban amsa masa a wurin ba, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwa a bakin fili. Ga ta nan a rubuce.

Sunana Yohanna. Na gama kwalejin horon malamai, amma ban daɗe a aji ba na koma akawun sito a ɗaya daga cikin kamfanonin saƙa na Kakuri, a nan Kaduna. Kamfanin yana da kulob na ma'aikata, da filayen tanis na jar ƙasar suri da ake yayyafa wa ruwa a daddale kowace safiya. Saboda rubutuna yana karantuwa aka naɗa ni sakataren kulob. A can na haɗu da Baba Ali, wanda ya koya mini sa wa raket tsirkiya, sana'ar da ta riƙe ni bayan akawanci ya sake ni.

Baba Ali daga Tudun Wada yake ƙetaro gada a kan keke, da jakar fata a bayansa. Abin da ke cikin jakar ba shi da yawa: basilla biyu, filaya, wuƙa, dunƙulen kakin zuma, guntayen fata da ake sa wa a ramukan da suka cinye, da wata gajerar sanda da hannu ya goge har tana sheƙi. Yakan naɗe tsirkiya a jikin sandar ya murɗa har ta kai inda yake so, ya soka basilla a ramin ta riƙe, sannan ya kaɗa ta da farce ya kasa kunne. Ma'auninsa ke nan. Daga baya wani injiniya Ba'indiye ya bar wa kulob inji mai ƙarfen nauyi, wanda nake aiki da shi har yau, amma Baba Ali bai taɓa yarda da injin ba sai ya ji da kunnensa.

Raket na farko da ya bar ni na taɓa na katako ne, na wani manaja da ya daina wasa. Na fara daga ramin gefe, ina bi ɗaya bayan ɗaya zuwa wancan gefen, kamar mai jan layi a littafi. Ya bar ni har na gama, sannan ya ɗora raket ɗin a kan tebur. Kan ya karkace, gefe ɗaya ba ya taɓa teburin.

"Malam, ka yi boko," ya ce, "amma ka sa wa mutum kaya a kafaɗa ɗaya. Daga tsakiya ake farawa. Ka ja na hagu, ka ja na dama, ka dawo. Kar wani gefe ya ji an fi shi wahala."

Darasi na biyu ya fi wuyar shiga kai, kuma shi ne wanda matasa ba sa yarda da shi har yau. Tsirkiya mai ɗan sassauci ita ke jefa ƙwallo da ƙarfi. Mai tauri kai shi take yi inda ake so, amma ƙarfin daga kafaɗar mai bugu take karɓa. Na yi masa musu. Ya ce, "Ka taɓa ganin 'ya'yanka suna tsalle a kan siminti? A kan gadon uwarsu suke yi."

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai wani likita da yakan tsinka tsirkiya saboda yana buga ƙwallo da gefen raket, kuma kullum laifina ne. Akwai wata shugabar makaranta 'yar Filato wadda ba ta yarda a sake mata tsirkiya gaba ɗaya, sai dai a yi faci, har raket ɗinta ya koma kamar tsohon kwando, amma da shi take kora maza. Akwai kuma manyan da ke zuwa da fararen kaya domin a gan su. Duk na yi musu aiki iri ɗaya, domin raket bai san muƙamin mai shi ba.

Istifanus daban ne. A sashen rini yake aiki, hannayensa kullum shuɗi har wuyan hannu. Dogo ne, marar yawan magana, ɗan kudancin jihar nan, yana zaune a Unguwar Boro tare da kawunsa Markus, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensa. Wasansa na tsakiyar fili ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma in ya cilla ƙwallo sama ya lanƙwasa baya, masu wasa a ɗaya filin sukan tsaya. Wayar shingen da ke bayan fili ta lotsa a wuri ɗaya saboda bugunsa. Aradu ake ce masa. Babu wanda ya san saurin bugun nan a lissafi, domin ba mu da abin aunawa. Kunne kawai muke da shi.

Raket ɗaya gare shi, wanda injiniyan nan ya ba shi ranar da zai koma ƙasarsu. Raket ne mai kyau, amma yana da siririyar tsaga a kafaɗar hagu, wadda sai an karkata shi ga haske ake ganinta. Saboda tsagar, kuma saboda irin bugunsa, nakan sa masa tsirkiya da sassauci fiye da na kowa. Ya san dalili, bai taɓa tambaya sau biyu ba.

Sai shekarar da komai ya lalace ta zo. Soja sun koma bariki, mun yi layi a rana mun jefa ƙuri'a, 'yan takara sun tsaya a ƙofar kamfani sun rantse cewa injin saƙa ba zai sake tsayawa ba. Ba a daɗe ba rikici ya raba garin gida biyu, kogi ya zama iyaka. Baba Ali ya daina ƙetarowa. Rasuwarsa ma a bakin wani mai sayar da taya na ji ta, bayan an daɗe da binne shi. Daga nan kamfani ya fara rage aiki, sashe bayan sashe, har wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Babu wanda ya fito ya yi mana bayani. Mutanen da suka ba wa wurin ƙuruciyarsu suka tsaya a titi da kwanon abincin rana a hannu. Na faɗa a lokacin, ina kuma maimaitawa: ba haka ake sallamar mutane ba, ko da a ƙarƙashin soja ne, balle a ƙarƙashin waɗanda muka zaɓa.

Kulob bai mutu nan take ba, domin babu wanda ya tuna ya kulle shi. Mu muka ci gaba da yayyafa wa fili ruwa da bokiti. Ƙwallaye suka yi sanƙo, raga ta sha faci. Tsofaffin ma'aikata sukan zo su zauna a benci, ba don sun san wasan ba, sai don babu inda za su. Istifanus suke kallo. Shi kaɗai ne abin kamfanin da bai tsaya ba.

A cikin wannan hali saƙo ya iso cewa wani koci zai zo daga Legas a madadin wata makarantar wasanni ta ƙasar waje. Mutum ɗaya zai ɗauka daga Kaduna, da karatu da masauki da horo. Zai zo da na'urar auna saurin ƙwallo, kuma wanda sabis ɗinsa ya fi sauri shi za a ɗauka. A ganina wannan hanya ce ta rago wajen zaɓen ɗan wasa, amma ba a tambaye ni ba. Ga Istifanus kuwa, wanda ba shi da aiki, ba shi da gona, ba shi da takardar da ta wuce ta sakandare, ita ce ƙofa ɗaya da ta rage.

Ana jibi gwaji na sa masa sabuwar tsirkiya. Naɗi biyu masu kyau suka rage mini tun zamanin Baba Ali. Na yi aiki da ɗaya, na ba shi ɗayan ya ajiye a jaka saboda tafiya. Washegari da hantsi sai ga Markus da raket ɗin a hannu.

Dole in yi wa Markus adalci. Babban makanikin injin saƙa ne, kuma a duk kamfanin babu wanda ya kai shi sanin zare. Da tafin hannu yake gane zaren da ya saki a cikin ɗaruruwa. A ɗakin saƙa, zare mai sassauci abin kunya ne: shi ke ɓata atamfa, shi ke sa a kira mutum ofis. A kan wannan ya gina rayuwarsa.

Ya danna tsirkiyar da babban yatsa ya ce, "Akawu, mene ne wannan? Lilo ka ɗaura wa yaron?"

"Haka ya kamata ta kasance, Markus."

"Haka ya kamata! Da a sashena ne, da an kore ka gida yau. Dubi yadda take tafiya. Da wannan zai tsaya gaban mutumin Legas?"

Na yi masa bayanin Baba Ali, har da gadon uwar yara. Na karkata raket ɗin ga haske na nuna masa tsagar.

"Wannan ai ƙarzuwar fenti ce," ya ce. "Malam, ka san biro, ban musa ba. Amma zare? Tun kana ɗaura wando da igiya nake jan zare. Ka ƙara mata ƙarfi."

"Ba zan ƙara ba."

"Ɗan ƙanwata ne fa."

"Shi ya sa ba zan ƙara ba."

Ya tafi yana girgiza kai. Abin da ya biyo baya daga bakinsu na ji shi. Da la'asar Istifanus ya tafi coci koyon waƙa. Markus ya kira abokan aikinsa biyu, suka yanke tsirkiyata, suka ciro naɗin da ke cikin jaka. Sun shekara suna kallona daga benci, sun ga babu wani abin wahala. Suka ɗaure raket ɗin a kan teburin aikin Markus, suka rataya ƙarafan nauyi irin na injin saƙa, suka ja kowane zare har ya daina motsi. Kuma suka bi shi yadda ake jera zaren tsaye a inji, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ina so a rubuta cewa aikinsu ya fi nawa kyan gani. Layukan sun miƙe sarai, ƙullin ƙarshe ƙarami ne kamar ƙwayar gero. Ba mugunta suka yi ba, ba kuma ganganci ba. Mutane uku ne da aka raba da aikinsu, suka ba yaron abu ɗaya da suka fi kowa iyawa. Da Istifanus ya dawo ya gani, ya ce, "Na gode, Kawu." Me zai ce wa mutumin da ya ciyar da shi?

Ranar gwaji ina jera kujeru na ji bugun ɗumama jiki daga bayana. Ban juya ba na sani. Raket ɗin da na sani yana da murya mai zurfi. Wannan ƙara ce busasshiya, kamar an buga katako. Na karɓe shi na ɗora a kan tebur. Gefe ɗaya ba ya taɓa teburin.

Babu sauran tsirkiya mai kyau, amma da an ba ni lokaci da na cire ta wani raket na yi dabara. Na je wurin baƙon na roƙe shi da Turancin da ya dace ya sa Istifanus a ƙarshe, ya kuma ƙara mana sa'a guda. Ya dubi agogo ya ce direbansa ba ya son hanyar Abuja da yamma. Na ce rayuwar mutum ce. Ya ce, "Oga sakatare, kowa a nan rayuwarsa ce." Ya yarda da sa shi a ƙarshe, bai yarda da sa'ar ba.

Ƙa'idarsa a fili take. Kowa zai yi 'yan bugu kaɗan. Wanda ya faɗa cikin akwatin sabis shi ake ƙirgawa, wanda ya fita ko ya taɓa raga babu shi. Na'urar kamar ƙaramar tocila take, da ɗan gilashi a bayanta inda lamba ke fitowa. Shi ke riƙe da ita, ni ina gefensa a matsayin sakatare ina rubuta abin da ta nuna. Mu biyu kaɗai ke ganin gilashin.

'Yan wasa sun zo daga ko'ina a garin, har da waɗanda suka ƙetaro gada a karon farko tun rikici. Wani ɗalibi daga Barnawa, yaro mai ladabi da raket biyu a jaka, shi ya fi kowa kafin a zo kan Istifanus.

Ma'aikatanmu suka miƙe tsaye a benci. "Aradu! A nuna musu!" Muryar Markus ta fi ta kowa.

Bugun farko ya shiga, amma lambar ba ta kai ta ɗalibin ba. Na ga Istifanus yana murza kafaɗa. Ya ƙara ƙarfi a na biyu, ya shiga raga. A na gaba aka ji ƙas, kan raket ɗin ya buɗe daidai wurin tsagar, tsirkiyar ta zube kamar an kwance ɗinki.

Likitan nan mai ɗora mini laifi, Allah ya saka masa, shi ya ruga ya miƙa nasa. Raket ne mai nauyi, mariƙinsa ya yi wa hannun Istifanus kauri, amma ni na sa masa tsirkiya, kuma tana da sassauci. Baƙon ya ɗaga yatsa ɗaya. Bugu ɗaya ya rage.

Na yi shekaru a bakin fili, ban taɓa jin irin wannan bugu ba, kafin ranar ko bayanta. Ban ga ƙwallon ba. Ƙura kawai na ga ta tashi, sai wayar shinge ta yi kuka. Baƙon ya dubi gilashin, ya yi fito a hankali, ya karkato mini da shi. Na gani.

Sannan muka tashi mu biyu muka je wurin layi. Jar ƙasa ba ta ɓoye sawu. Tabon yana nan, dogo, a bayan farin layi, tsakaninsu akwai ƙasa mai faɗin yatsa wadda ba a taɓa ba.

Markus ya iso yana haki. Ya durƙusa ya duba, ya ɗago ya dube ni. "Malam, ya taɓa. Ka duba da kyau. Malam Yohanna, don girman Allah, ka rubuta."

Ina jin da na rubuta da baƙon bai hana ba, domin yana son abin da ya gani. Amma ɗalibin Barnawa yana tsaye a wurin, shi ma ɗan wani ne, kuma nasa bugun a ciki ya faɗa. Na ja layi a gurbin da ake rubuta lambar. Na sake roƙon baƙon ya ba da bugu ɗaya tak, tunda ya ga abin da ya gani. Ya ce in ya ba mutum ɗaya dole ya ba kowa, ga kuma hanya. Ya sa na'urar a jaka. Har gobe ina cewa mutumin da zai yi tafiya daga Legas ya ga irin wannan, ya kasa jira saboda direba, bai cancanci a ba shi amanar zaɓen kowa ba.

Istifanus ya mayar wa likita raket ɗinsa da hannu biyu, ya tsince nasa, ya kama kawunsa ya tashe shi, ya kaɗe masa ƙasar gwiwa. Bai sake shiga fili ba. Ya yi acaɓa har aka hana, yanzu yana jan keke mai ƙafa uku tsakanin Sabon Tasha da Kakuri. In ya gan ni a hanya yakan tsaya ya ɗauke ni, mu yi hirar yaransa da tsadar mai. Bai taɓa tambayata abin da gilashin ya nuna ba, ko sau ɗaya. Mutanen benci sun tambaya har sun gaji. Amsata ɗaya ce: bugun da ya faɗi waje ba shi da lamba.

Markus ya koma Kakau yana noma 'yar gonar surukinsa. Shekaru suka wuce ba mu haɗu ba, sai aka aiko mini cewa ba shi da lafiya, yana son ganina. Istifanus ne ya kai ni, ya tsaya a waje wai yana duba taya. Na tarar da Markus a kan tabarma a gindin mangwaro, ya rame, amma hannayen nan suna nan da girmansu. Muka gaisa, muka ambaci waɗanda suka rasu a cikin mutanen kamfani. Sannan ya ce, "Akawu, ka san abin da ya sa na kira ka."

"Ban sani ba, Markus."

"Ka sani. Nawa ta nuna? Ta wuce ta yaron Barnawa?"

Na ce masa abin da nake ce wa kowa.

Sannan ya gyaɗa kai. "Da ƙarama ce, da ka faɗa mini tuntuni in huta."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya miƙo hannu, na kama. Ya danna tafina da babban yatsa, yadda yakan gwada zare.

"Daga tsakiya, ko?" ya ce.

"Daga tsakiya. Hagu, sannan dama."

"To," ya ce. "Ka koya wa yara."

Saurayin da ya ce in ya zauna zai yi, ina gayyatarsa ya zo ranar Asabar da safe. Zan ba shi kujera da tsohon raket, in bar shi ya gama, sannan mu ɗora a kan tebur.